Jawabin Ritayar Ƙanena

Daren Asabar, Goronyo

Yau aka yi walimar ritayar ƙanena Sani, wanda muka daina magana tun rabon gonar Baba. Ɗansa ne ya roƙe ni a ɓoye in rubuta masa jawabin da zai karanta a wurin walimar. Na saba rubuta wa manya yabon ƙarya, a tafa musu, ni ko sunana ba a ambata. Wannan karon na nemi gaskiya, sai na tuna shekarar ambaliya da Sani ya goya Inna har tudu. Na sa a ciki.

Ban je ba. Bayan isha'i sai ga Sani a zaure.

"Yaya, wa yas san zancen Inna in ba kai ba? Mi yah hana ka tahowa?"

Na ce ya zauna, tuwo bai huce ba.