A Bar Wa Rabi Yakuwarta

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Makabarta na garin nan da ke gefen Lyon, inda matata take kwance.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda baƙo ke yi a ƙofar gidan da ya ba shi inuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka masu gadin waɗanda suka riga mu. Ka gafarce ni da na faɗo maka ana tsakiyar aiki. Da Hausa na rubuta, 'yata Hadiza za ta juya maka zuwa Faransanci. Fassara ce sana'ata, amma sau uku ina gwadawa, baƙin cikina ya ƙi bin wani harshe.

Ni mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo ni Lyon, nan na tare da amaryata Rabi, nan muka haifi Hadiza, nan kuma Rabi ta cika, yau shekara biyu, kafin aiki ya mai da ni Paris.

Na farko, zan fara da laifina. A wurinmu gaggawar kai mamaci makwancinsa ita ce karramawa ta ƙarshe. Na ƙi a kai Rabi gida, don ba na son a rufe ta cikin akwatin kwano liƙe da darma kamar yadda ake yi wa gawar da za a sa a jirgi, ba na kuma son Hadiza ta rasa inda za ta ziyarci mahaifiyarta. Saboda haka da aka shimfiɗa mini takardu, na sa hannu a ta farko ban karanta ba, burina kawai kada ta ƙara kwana. Sai a bakin kabari na ga abin da na zaɓa: ɗaki na siminti, da akwati mai fenti yana ƙyalli, da hannayen ƙarfe. Da na watsa ƙasar da na damƙo, ta yi ƙara a kan murfin kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba. A gida likkafani ne, a jera itace, a liƙe da laka, a mai da ƙasa. Ga Rabi, wadda ta noma yakuwa cikin gwangwanaye a barandar bene na bakwai, wadda farcenta bai taɓa rabuwa da ƙasa ba, na kwantar da ita inda ƙasa ba ta kai gare ta. Daga baya na ji cewa doka ba ta hana binnewa cikin tsurar ƙasa ba. Ban tambaya ba, ba a kuma faɗa mini ba.

Na biyu, batun yakuwa. Kowace Asabar ta farkon wata nakan hau jirgin ƙasa daga Paris in zo ziyara. Bana da sanyi ya wuce, na sayi irin yakuwa wajen wata 'yar Maraɗi a kasuwar Château Rouge ta Paris, na shuka a ɗan tsagin da ya rage tsakanin dutsen kabarin da tsakuwar hanya. Ta tsiro, ranka ya daɗe! Ganye huɗu da ɗan jan kara. Wata tsohuwa Bafaranshiya, wadda mijinta ke kwance a layi na gaba, ta ɗauki nauyin ba ta ruwa in ba na nan. Da na dawo wata na gaba, na tarar yakuwar ta ƙone ƙurmus. Mai kula da wurin, dattijo mai furfura, ya cire hularsa ya shaida mini cewa umurni ne a fesa magani a kan duk wani kore da ya leƙo tsakanin kaburbura. Ban riƙe shi a zuciya ba, aikinsa ya yi. Sai dai na duba dama da hagu, furannin roba suna nan daram, mai rai kaɗai aka kashe. Tsohuwar nan ta fi ni kuka, ta ce mijinta manomi ne, bai taɓa son dutse ba. A hanyar komawa na rubuta a bayan tikitina:

Ƙasa uwa ce, ta goye mu tun rarrafe,
Wa ya raba mu da ita da siminti da ƙarfe?

Na uku shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai fili jikin katangar gabas da ciyawa ke rayuwa a ciki. Na karanta sanarwarku cewa da zarar sanyi mai zuwa ya wuce za a cika shi da sababbin ɗakunan siminti. Ni kuwa likita ya saurari zuciyata ya ce in rage hawan bene, na kuma fahimci abin da bai faɗa ba. Ba zan tayar da Rabi ba, ta kwanta ke nan. Amma daga kabarinta zuwa filin nan taku arba'in ne, na ƙirga. Can nake so a sa ni.

Ga roƙona. A bar filin nan ga duk mai son komawa ƙasa, ko wane addini yake bi, ko ba ya bin kowane. Tun da doka ta ce sai da akwati, a yarda da na farin katako marar fenti, ba siminti, ba allurar hana ruɓewa, da 'yar alama ƙarama. A daina feshi a can, domin abin da aka fesa yau ruwan sama zai kai shi kogin da jikokinmu za su sha. Kuma mai zaune bayan tebur ya riƙa faɗa wa wanda hawaye ya hana karatu cewa yana da zaɓi.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama aiki lafiya, ya ba ka makwanci mai sanyi bayan tsawon rai. Ina roƙon amsa a rubuce cikin hanzari, kafin motocin haƙa su shigo. Sauran irin yakuwar yana cikin ambulan a aljihun rigata, Hadiza ta san wurin, ko da amsar ta zo ba ta same ni ba.

Wassalam.

Naka cikin ladabi,
Lawali, mijin Rabi,
Paris.