Iyakar Fadamar Kwalkwalawa

Zuwa ga ƙanena Umaru a Gwanja. Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina iyali, ina kasuwar goro? Mu nan Ƙofar Atiku sai godiya, gwiwata ce kawai ba ta da kunya.

Ka san tun shekarar da Nasara sunka shigo ake jayayya kan iyakar fadamarmu da ta Tanko a Kwalkwalawa. Yanzu alƙali ya ce tsofaffi su ba da shaida, ni kuwa ina nan ranar da anka kafa ta.

Shekaranjiya ɗanka Sani yaz zo mani da riga sabuwa. Wai ni ne hasken Sakkwato, wai malamai ma ba su kai ni sani ba. Ni da ban san alif ba, takardar nan ma rubuta mani anka yi! Sai da zai tashi yac ce, "Baba, ai ka tuna iyakar ta wuce tsamiya, ko?"

Jiya kuma munka gamu da Tanko bakin masallaci. Shekara da shekaru ba mu gaisawa. Yac ce, "Kai tsohon nan mugun taurin kai gare ka, amma ban taɓa jin ka ƙara ma magana gishiri ba." Bai jira amsa ba, yaw wuce.

Umaru, iyaka a gindin tsamiya take, ko da za mu rasa kunyoyin shinkafar da munka noma gaba da ita. Kar ka yi fushi, ka sa mu cikin addu'a. Gai da Hawwa da yara.

Gobe da sassahe zan mayar ma Sani rigarshi, in wuce wurin alƙali.