Bindigar da suka ce ta mata ce

Daren Laraba, unguwar Shisha, Makka

Har yanzu raina a ɓace yake. Tun da aka murɗa min hannun ƙofa ranar Asabar ina kwance ni kaɗai, barci ya ƙaurace min. Shi ya sa na roƙi Yaya Usman ya raka ni Jidda, shagon da ke sayar da ƙananan bindigogi ga masu lasisi, in ga wadda za ta dace da ni kafin in nemi izini.

Ni ce mai saye, amma mai shagon bai ko dube ni ba. Yaya yake ta yi wa bayani da Larabci, kamar ba a unguwar Misfala ta nan Makka aka haife ni ba. Ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya mai ado, ya ce irin ta mata ke nan. Na riƙe ta, tana zamewa a tafina. Na ce ya nuna min wadda za ta cika hannu. Sai ya yi murmushi, Yaya ma ya taya shi.

A mota Yaya ya ce, "Halas, ya isa haka, Maryama, ki tattaro kayanki ki dawo gidana. Mace da bindiga, a garin Harami?"

Maganar Haramin ta taɓa ni, gobe zan tambayi malamarmu hukuncinsa. Amma gidan nan, inda na yi jinyar Umma har ta cika, ba ɓarawon da zai kore ni daga cikinsa. Yaya ma ba zai fitar da ni ba.