Ragar da Aka Bari a Ruwa Bayan Gidana

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke aiko ma'aikata binciken kifi a kogin Chalawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku.

Yau Laraba. Na tashi da ciwon gwiwa da tarin da ya ƙi rabuwa da ni tun faɗuwar damina. Ni tsohon akawu ne na wata masaƙa a Sharaɗa da ta daɗe da rufewa. Ina zaune ni kaɗai a bayan Panshekara, inda lambuna ya gangara har bakin kogi. Na rubuto a fili ne domin ba ni da ƙafar zuwa ofishinku.

A ƙarshen lambun akwai wani gurbi inda ƙaramar ƙorama ke shiga kogin. Ruwan wajen bai yi baƙi da wari irin na ƙasa da magudanar masana'antun fata ba, shi ya sa kififfiyu suka tare a can. Marigayiya mai ɗakina, Asabe, ita ta saba watsa musu ragowar tuwo bayan la'asar. Da ta rasu na ci gaba. 'Ya'yana suna nesa, kuma akwai ranakun da ba wanda nake yi wa magana sai waɗannan halittu. Guda huɗu ne, babbarsu tana da tsaguwa a gefen ƙoƙon bayanta.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ranar Alhamis ta makon jiya ma'aikatanku suka zo, wata Malama ce ke jagorantarsu. Sun gaishe ni da ladabi, ta yi mini bayanin cewa suna duba yadda ruwan masana'antu ke cutar da kifi. Na ji daɗi, domin aiki ne da ya kamata a yi tuntuni. Suka shimfiɗa raga a bakin gurbin, suka ɗaure igiyarta a jikin mangwarona, suka ce da safe za su dawo. Kafin su tafi sun gargaɗi masuntan unguwa cewa kayan hukuma ne, wanda ya taɓa zai yi bayani a gaban 'yan sanda.

Na biyu. Ranar Juma'a ba su zo ba. Daga baya na ji cewa an ba motar ofis wani aiki ne. Asabar da Lahadi kuma ba ranakun aiki ba ne. Ranka ya daɗe, ragar ba ta san da hutun ƙarshen mako ba. Kififfiya a ruwa take zaune, amma sai ta ɗago kai ta shaƙi iska, kuma ragar ta danne su a ƙasa. Ina zaune a kan kujerata a saman gangaren ina kallon igiyar tana fizga, tana fizga. Na gwada sauka da sandata, gwiwa ta ƙi. Na kira maƙwabcina Ɗanlami, masunci ne, na roƙe shi ya ɗaga ragar ko da na ɗan lokaci. Ya tsaya yana kallon ruwan, ya ce mini, Baba, ina da yara, ba zan iya da hukuma ba. Ban ga laifinsa ba. Zuwa la'asar ɗin Asabar igiyar ta daina motsi.

Na uku. Ranar Litinin aka jawo ragar. Kifin ya ruɓe, ban san abin da za a auna a jikinsa ba. Kififfiyu uku suna ciki, ƙafafunsu sun sarƙe da zare. Aka ciro su aka jefa cikin ciyawa, wani daga cikin ma'aikatan ya ce su kifi aka aiko su dubawa. Malamar dai da ta ga ina share ido sai ta ce za ta dawo ranar Laraba da hantsi mu yi magana. Ɗanlami ne ya haƙa rami a gindin mangwaron ya rufe su.

Mai tsaguwar ce kaɗai ta tsira. An kuma shaida mini cewa za a sake saka raga a wannan wurin a mako mai zuwa, tunda aikin farko ya lalace.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada a saka raga sai in akwai tabbacin wanda zai dawo ya duba ta a ranar. In mota ta gagara, a ba Ɗanlami ko wani masunci izinin ɗaga ta, a faɗa a gaban mutane yadda aka yi gargaɗin a gaban mutane. In kuma hali ya yi, a matsa da ita daga bakin gurbin nan. Ban ce a daina binciken ba. Kogin nan yana bukatarku.

Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, Ya ba ku lafiya, Ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Wassalam.

Malam Sa'idu, tsohon akawu, Panshekara.

Ƙari: Tun hantsi na sa aka shimfiɗa tabarma a zaure. Yanzu an yi sallar la'asar, Malamar ba ta zo ba. Na je na watsa tuwon, kai ɗaya ne ya ɗago. Igiyarku tana nan ɗaure a jikin mangwaron, ban kwance ba.