Alkamar Kalin Ta Ƙi Bushewa

Zuwa ga Yaya Nevena,

Gaisuwa mai yawa daga gida Dobruja. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Ognyan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Sifen. Mama tana nan, gwiwa ce ke damunta, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau.

Yaya, bana fari ya gama da ni. Alkama na fara fitar da kai ruwa ya ɗauke. Irin da Baba ya bar mana na shuka, kin san shi. Ganyen ya nannaɗe don kada rana ta tsotse ɗan ruwan jikinsa, kuma ganye in ya rufe haka ba ya iya haɗa wa shuka abinci da hasken rana. Ya bushe tun lokaci bai yi ba, ƙwayar ta motse, ko rabin na bara ban samu ba. Ga gonar autanmu Kalin a jikin tawa, ya zuba wani sabon iri mai zurfin saiwa da surukinsa ya ba shi, tana nan koriya shar har ƙwaya ta cika. In zan wuce sai na kawar da kai. Ranar girbi ya leƙo motar da na loda tawa alkamar, yana dariya wai in sayar masa da ita, kajinsa ba su da tsirfa.

Ran Lahadi bayan coci Mama ta gasa burodi da garin alkamar Kalin, ta yi ta ɗaga shi a gaban baƙi, wai autanta ne ya gaji hannun Baba. Ni da na girma a bayan garmar Baba ina zaune! Burodin kuma ya yi daɗi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kafin a tashi ta ce gonar nan tamu ta bakin rijiya Kalin ne zai noma baɗi.

Matata Radka ta ce in sauke girman kai in roƙi Kalin irin nasa. Bakina ba zai iya ba. Don Allah ki kira shi, ki nuna ke ce kika ga ya dace ya ba ni. Zan ɗan ƙi kafin in karɓa.

Radka na gaishe ki. Ki gaida Ognyan, da Bilyana, da ƙaramin Stamen.

Ƙaninki,
Zlatin