Inna, Na Ƙi Juye Ruwan Nan a Kwari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladidi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Daga ɗakinmu na unguwar Shifa, nan Riyad, nake rubuto miki, kuma a gajiye nake, Inna.

Ba ki ga aikin da na samu ba. Tanka nake ja, ina kwaso gurɓataccen ruwa daga wata masana'antar fenti zuwa inda ake tace shi. Shekaranjiya kafilina, wanda zamana a ƙasar nan ke hannunsa, ya ce tafiyar ta yi nisa, in ratse bayan gari in juye a kwari. Na je har bakin kwarin. Raƙuma na kiwo a ƙasa. Na kama famfon, hannuna ya ƙi. Na juya motar.

Ke na tuna, da rafin garinmu, yadda ya yi baƙi bayan an kafa majemar nan. Kina tace mana ruwan da gefen mayafinki kina cewa, "Ku sha da bismilla, ba mu da wani."

Na tuna ƙafafunki da suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce ƙoda ce. Dattawa suka kai ƙara, amma kafin a zauna mai majemar ya kwashe injinansa ya tsallaka iyaka, aka ce hannun kotu ba ya kaiwa can. Mu muka binne ki, shi ya sami wani rafin.

Ran Juma'a a kasuwar Batha wani ɗalibi ɗan Nijar ya karanta mana a wayarsa cewa ƙasashen Turai sun haɗa kai: zuba guba a ruwa babban laifi ne a cikinsu duka, har da ɗauri, ko ka gudu maƙwabta hukunci na jiranka. Aka kaure da gardama. Mu sai yaushe, Inna?

Nan ma akwai doka, ana kamawa. Sai dai direba ake tararwa a bakin kwari, mai ba da umarni yana ofis cikin sanyi.

Kafilin nawa ya karɓe makullin motar. Ya ce iƙamata, takardar izinin zamana, in ta ƙare, ta ƙare ke nan. Ban faɗa wa surukarki Hauwa ba tukuna. Jiya ta kira tana ba ni labarin 'yarmu, takwararki, ta fara tafiya, na yi ta dariya kamar ba komai.

Ke kaɗai na iya faɗa wa, Innata.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya sada ki da iyayenki. Ni kuma ya ba ni bakin da zan yi wa Hauwa bayani gobe.

Ɗanki,
Habu