Koriyar Hular Jibrin

Riyad, 6 ga Maris

Ƙanwata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kowa. Ni ina nan unguwar Ulaya, ina ta jan motar kafilina, wato ubangidana, kamar jakin Kano. Abokina Lado da ya dawo gida ya kawo muku tsarabar? Koriyar hular ta autanmu Jibrin ce, a bikin ranar ƙasar Saudiyya aka raba mana. Ta shiga ƙaton kan nan nasa kuwa? Na ji zaɓen gwamna ya ɗau zafi. Ki ce masa ya tsaya kan kekensa na ɗinki, ba ruwan biri da gada.

Yayanki,
Badamasi

*

20 ga Maris

Yaya Badamasi,

Wa'alaikumus salam. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Jiya aka sanar da sakamako, jam'iyya mai koriyar tuta ta ci. Kafin la'asar 'yan bangar waɗanda suka faɗi sun tare bakin kasuwa da adduna da gorori, sun cinna wa rumfuna wuta. Jibrin ya rufe shago zai taho gida suka rutsa da shi. Sara uku a ka, ɗaya a hannun da ya kare da shi. A baro aka kai shi asibiti, jini har ƙasa. Inna ba ta ci komai ba. Ka sa mu a addu'a.

Fiddausi

*

Riyad, 22 ga Maris

Fiddausi,

Salam. Na durƙusa wa kafili ya bar ni in taho, ya ce "ba'adain", wai sai an jima. Allah ya isa tsakanina da waɗannan azzalumai! Yaron da ko katin zaɓe bai yanka ba? Na kalli bidiyon da ke yawo sau goma. Mutane sun wuce ta gabansu ba a taɓa su ba, shi kaɗai suka bi. Kuma na ga wani abu kore a cikin jinin. Don girman Allah kada ki ɓoye min.

Badamasi

*

25 ga Maris

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jibrin ya cika ranar Alhamis da hantsi, an kai shi bayan azahar. Ya roƙe ni kada in faɗa maka abin da ka gani, to ka riga ka gani. Hular ce. Tun da Lado ya kawo ta Jibrin bai cire ba, duk wanda ya shigo shago sai ya ji cewa daga Riyad take.

Ya ce in gaya maka ta yi masa daidai.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Fiddausi